Jar Hular Ndolo

Kavata ta fara jin sunan Ndolo ne a dalilin hular wani baƙo. Tana ƙarama lokacin, ba ta daɗe da shiga firamare ba. Wani dattijon cocinsu ya zo gidansu a unguwar Umoja ta Nairobi gaishe da mahaifinta, ya cire hularsa ya rataya a hannun kujera, ya zaga bayan gida. Yarinya mai son a ce mata sannu, sai ta ɗauki hular ta bi shi da ita. Ba ta kai bakin ƙofa ba uwarta ta daka mata tsawar da ba ta taɓa jin irinta ba.

"Mayar inda kika gan ta! Wa ya aike ki? Da irin wannan karambanin aka kashe wa Ndolo rayuwa."

Mahaifinta, Musembi, yana cin ugali, tuwon masararsu, da ganye. Ya ajiye lomar da ya murza, ya wanke hannu, ya fice. Bai dawo ba sai da baƙon ya gaji da jira ya tafi. Uwar kuma ta shiga kicin tana ta buga tukwane kamar su suka yi laifin. Babu wanda ya ƙara ambatar sunan a gidan, ita ma ba ta tambaya ba, amma ta adana shi.

Da ma ita irin yaran nan ce da ke zama a gindin tsofaffi idan an je biki ko jana'iza. Kafin ta gama sakandare ta san wanda ya haifi wane a danginsu, da wanda fari ya kora daga tudun Kangundo, da wanda ya tafi Mombasa bai waiwayo ba. Idan gardama ta tashi kan wata tsohuwar magana, sai a ce a kira Kavata. A wajen gwaggonninta ta tsinci labarin Ndolo, guntu-guntu, kowace tana faɗa tana leƙen ƙofa.

Yayan uwarta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ubansu mai gyaran keke ne a kasuwar Tala, kuma Ndolo ya iya ɗaure sarƙar keke tun kafin ya iya ɗaure igiyar takalmi. Ya shigo Nairobi da wando ɗaya, ya samu aikin shara a rumfar gyaran jirage ta wani ƙaramin kamfani a filin Wilson. Wani tsohon Ba'indiye mai rawani ya lura cewa mai sharar nan yana jera ƙusoshin da ya tsinta daidai da girmansu, sai ya karɓe tsintsiyar ya ba shi sifana. Ya yi shekaru yana miƙa kaya, ya yi karatu, ya faɗi jarrabawa, ya sake zama, har ya samu lasisi. Daga baya shi ne babba a kan injinan jiragen nan masu farfela biyu da ke zuwa Lodwar da Malindi. Da ƙanwarsa Nduku ta auri Musembi, shi ya kama hannun surukin ya kai shi rumfar, shi ya koya masa aiki.

Akwai doka a rumfar: duk aikin da aka bari ba a ƙarasa ba, a rataya masa jan kati daga sito. Amma sito na can ƙarshen gini, mai sito kuma kullum yana wani wuri. Saboda haka kowane bakanike ya ƙirƙiri tasa alamar. Wani ya ɗaura tsumma, wani ya rataya makullan gidansa. Ndolo hula ce da shi, ja, ta ulu, wadda matarsa ta saƙa masa saboda sanyin Nairobi. Idan an kira shi a tsakiyar aiki, sai ya cire ta ya saƙala a kan abin da bai gama ba. Kowa ya san ta. Ko manaja ya ga hular nan a jikin inji, sai ya kewaye. Shi kuwa Ndolo, muddin iska na taɓa sanƙonsa ya san da sauran aiki a bayansa. Idan ya ji hula a kansa, hankalinsa a kwance yake.

Wata safiya ya zuba wa injin hagu baƙin mai, ya ɗora murfin, bai kai ga murɗa shi ya kulle ba aka ce ana nemansa a waya daga asibiti, inda matarsa ke kwance. Ya saƙala hular ya sauka daga tsani. Daga wayar ya zarce bencin shayin hantsi, kai cike da maganar likita. Yana zaune, Musembi ya zo ya miƙa masa hular. Ya karɓa ya sa, ya shanye shayinsa, ya hau tsani ya rufe ƙyauren inji, ya sa hannu.

Jirgin bai yi nisa ba mai ya fara tsiyaya a jikin fiffike. Matuƙin ya kashe injin, ya juyo da ɗaya, ya sauka da ƙarfi har ya zarce cikin ciyawa. Ba a rasa rai ba, amma wata tsohuwa 'yar Lodwar ta karye a ƙugu, ba ta ƙara tafiya da ƙafarta ba. Aka karɓe lasisin Ndolo, aka sallame shi. Kafin shekara ta zagayo matarsa ta rasu, Musembi kuma ya gaji kujerarsa. Tun daga nan Ndolo ya koma Tala, ya ce kada wani daga gidan Musembi ya taka masa ƙofa, har ƙanwar tasa.

Abin da ke cin Kavata ke nan: shin mahaifinta da gangan ya cire hular nan? Ta ga yadda uwarta ke kallonsa a wasu lokuta, kallon wanda aka zauna da shi shekara da shekaru ba a gama yarda da shi ba. Da labari ya zo cewa yanar ido ta fara rufe wa Ndolo gani, uwar ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. "Zai makance bai sake ganina ba," ta ce, tana tsince wake. Ranar kasuwa Kavata ta ce za ta je wajen ƙawarta, ta hau motar Tala.

Ta same shi a wata rumfar kwano bayan masu niƙa, ya baje cikin wani injin ban ruwa a kan buhu. Dogo ne, ya rame, kansa a buɗe cikin rana. Ya jera ƙusoshi a kan buhun kamar sojoji, yana lalubarsu da yatsa.

"Ina wuni, Kawu."

Bai ɗago ba. "Ni ba kawun kowa ba ne a kasuwar nan. Idan famfo ne, ajiye a can. A can na ce, ba kusa da kayana ba."

"Kavata ce. 'Yar Nduku."

Sai ya ɗago, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana dubanta. "Muryar ta Nduku ce. Goshin kuwa na wancan ne. Me ya aiko ki ki gani? Ko na mutu?"

"Bai san na zo ba."

"Haka shi ma bai san komai ba. Gidanku gidan marasa sani ne. Me ke cikin ledar?"

"Mandazi na sayo maka a tasha."

"Ci ɗaya in gani."

Ta ɗauka wasa ne, ta yi dariya. Bai yi ba. Sai da ta cinye fanken guda, sannan ya ja wani tsohon galan da ƙafa ya ce ta zauna. Mai niƙan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo. "Tsoho, yau baƙuwa aka yi? Yarinya, kada ki taɓa masa ko tsinke, sai ya kai ki ofishin 'yan sanda."

"Kai koma ka ci gaba da satar garin mutane," Ndolo ya ce. "Na ji injinka tun safe, belinsa ya saki. Idan ya tsinke ya fasa maka baki, mu huta."

Ta yini a wurin. Ta ga yadda yake aiki: ya ɗaure ƙusa, ya taɓa ta, ya kama wata, ya dawo ya sake taɓa ta farkon. Idan mai kaya ya yi masa magana yana tsaka da ɗauri, sai ya kwance duka ya faro daga tushe, ko da mutumin zai yi kuka. Ta tambaye shi me ya sa ba ya zuwa a cire masa yanar, tunda ana yi a asibitin Machakos.

"In kwanta, wani ya sa min wuƙa a ido? Likitan ba mutum ba ne? Ba shi da mata a asibiti? Ba ya shan shayi?"

Da rana ta yi sanyi ya aika aka kawo musu muthokoi, dafaffiyar masara da wake, daga wajen mai abinci ɗaya tak da ya yarda da ita. Suna ci ta yi ƙarfin hali.

"Kawu, me ka gaya wa masu bincike?"

"Suka ce hannun wa? Na ce nawa. Ƙarya na yi? Ni na ɗora murfin, ni na rufe, ni na sa hannu. Tsohuwar nan ni na karya ta. Na kai mata ƙwai asibiti, 'ya'yanta suka kore ni, kuma sun yi daidai." Ya tauna a hankali. "Wannan nawa ne, ba na raba shi da kowa. Amma hula ba ta da ƙafa, 'yar Musembi. A mariƙin ƙyauren inji nake cusa ta, in ja har ta kama. Shekara nawa ina yi, ba ta taɓa faɗuwa ba. Sai ranar da matata ke asibiti? Sai a makon da na yi masa tsawa a gaban yara saboda ya bar sifana a cikin inji?"

"To me ya sa ba ka faɗi maganar hular ba?"

"In faɗa, a ce ashe rumfar gaba ɗaya ba mai amfani da jan kati? A kori mai tsumma, a kori mai makulli? Na yi shiru, ina jira shi ya buɗe baki. Aka kira shi, ya shiga, ya fito. Ko kalmar hula bai furta ba. Da na wuce shi a baranda, takalminsa yake kallo."

A mota tana komawa, ta ji kamar an ɗora mata dutse. Duk da haka ba ta gama yarda da kawun ba. Mutumin da ke zargin mandazi, ai zai zargi kowa.

Gwaggonninta sun taɓa ambatar mai shayin rumfar, Mama Nekesa. Ta same ta a wajen ƙofar filin Wilson, ta tsufa, tana zaune jikarta na zuba wa direbobi shayi. Da ta ji ko 'yar wa ce, sai ta gyara zama ta dubi hagu da dama.

"Ubanki ya san kina nan? To ni ban gan ki ba, ke ma ba ki gan ni ba. Sha shayi."

"Mama, kin ga lokacin da ya ɗauko hular?"

"Na gan shi ya taho da ita yana kakkaɓewa. Daga ina ya ɗauko, idona bai kai ba. Ina fama da masu cin bashin baki, kowa 'ƙara min sukari, Mama'. An tayar da wani jirgi a ƙofar rumfa a safiyar, wannan gaskiya ne, har ƙura ta shiga madarata. Amma iska kullum akwai ta a nan." Ta kurɓi nata. "Ke ubanki kawai kike tambaya. Ba ki tambayi sifeton da ya kamata ya hau tsani ya duba bayan Ndolo ba. A bencina ya sa hannu, kofi a ɗaya hannun. Ya ce aikin Ndolo ba ya son dubawa. Shi har ya yi ritaya da walima, an yanka akuya. Kamfani kai ɗaya yake so, yarinya, ya samu, ya rufe magana."

"Ke a ganinki Baba da gangan ya yi?"

"Ni shayi nake sayarwa. Abin da na sani, da ya miƙa hular, Ndolo bai dube shi ba, shi ma bai ce uffan game da inda ya same ta ba. Kuma duk rumfar nan, har kyanwar sito, ta san abin da hular take nufi."

Wannan maganar ta ƙarshe ta fi komai tsaya wa Kavata. Ta yi kwanaki tana kallon mahaifinta: yadda yake yanka burodi, yadda yake addu'a kafin abinci, yadda yake duba tayoyin motarsa kowace safiya. Komai ya yi sai ta ga kamar da wani abu a ƙarƙashi. Ran Lahadi bayan coci ta same shi a tsakar gida yana goge takalman aiki, uwar tana ciki.

"Baba, na je Tala."

Buroshin ya tsaya, sannan ya ci gaba. "Na sani. Kin dawo da jar ƙasa a siket. Yana nan da bakinsa?"

"Yana nan. Idonsa ne ke tafiya. Baba, a ina ka sami hular?"

Ya juya takalmin a hannu. "A ƙasa. Ƙarƙashin fiffike, kusa da taya."

"Ya ce ba ta taɓa faɗuwa ba."

"Ranar ta faɗi. Mutumin da aka ce matarsa na asibiti, kina tsammanin ya tsaya ya ja ta yadda ya saba? Na gan ta cikin ƙura, na ɗauka daga aljihunsa ta zame yana gudu zuwa waya. Na ce bari in kai wa suruki, ga sanyi, ga damuwa. Alheri na yi niyya."

"Amma ka san abin da take nufi."

"Na sani idan tana sama. A ƙasa hula ce kawai." Ya ajiye takalmin. "Ko kuwa haka na gaya wa kaina. Ina jin haushinsa a makon, ba zan ɓoye miki ba. Ban so in tsaya doguwar magana da shi ba, shi ya sa na miƙa na wuce. Da muna shiri, da na ce, 'Yaya, ga inda na tsince ta, ka gama kuwa?' Magana ɗaya. Ban yi ba."

"A gaban masu bincike fa?"

"Kina goye a bayan uwarki lokacin. In na ce hula, mu biyu za a kora. Wa zai riƙe ƙanwar tasa? Shi? Ki tambaye shi wannan."

"Shi zai so ya tambaye ka da kansa."

Ya ɗauki ɗaya takalmin, wanda ya riga ya goge, ya shiga goge shi. A bayan labule Kavata ta ga ƙafafun uwarta, tsaye cik.

Ta rasa inda za ta ajiye maganar. Ta yi kama da gaskiya, amma wanda ya shekara da shekaru yana shirya amsa, dole ta fito sumul. Ta koma Tala ta zayyana wa kawun komai, ba ragi ba ƙari, har maganar sifeto da akuyarsa. Ya saurara yana juya wata ƙusa a tafin hannu.

"A ƙasa," ya ce. "Kusa da taya. Wace taya? Ta hagu ko ta gaba?"

"Ban tambaya ba."

"Ba ki tambaya ba. Da ya ce miki haka, ina yake kallo?"

"Takalmi yake gogewa, Kawu."

Ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Har yanzu takalmin." Can mai niƙa ya kashe injinsa. Sannan a hankali, kamar ba da ita yake ba, ya ce, "Na ja ta kuwa a ranar? Kullum ina ganin hannuna yana ja. Amma kullum ɗin nake gani, ko ranar?" Ya girgiza kai da ƙarfi. "A'a. Wayo ne da shi. Tun yana miƙa min sifana na san wayo ne da shi."

Ya rako ta tasha, yana tafe yana taɓa bangon shaguna da yatsa. Shi ne karo na farko da ya raka ta. A bakin mota ya ba ta saƙo.

Watanni sun shuɗe tun ranar. Ta isar da saƙonsa a gaban iyayen nata biyu. Uwar ta wanke rigarta ta zuwa coci, ta goge, ta rataya a bayan ƙofa. Musembi bai ce a'a ba. Ya ce sai an gama aikin wani jirgi, da aka gama ya ce sai ruwa ya ɗauke hanya ta yi kyau. Kavata ba ta san ko kunya ce ke riƙe shi ba, ko tsoron abin da za a gani a fuskarsa. Mai niƙa kuma ya aiko cewa tsohon ya fara zuba shayi a gefen kofi. Kowace ranar kasuwa takan tsaya a gaban mahaifinta ta maimaita masa saƙon, kalma bayan kalma, yadda Ndolo ya faɗa mata a bakin mota, yana riƙe da hannun rigarta:

"Ki kawo min Nduku. Shi ma ki kawo shi, kada ki bari ya turo ta ita kaɗai. Ku zo da rana tsaka, lokacin da idon nan ke ɗan kama haske. Ki zaunar da shi a gabana, kusa, inda hannuna zai kai fuskarsa. Ya faɗa min abin da ya faɗa miki, da bakinsa, yana kallona. Ko in yarda ko kada in yarda, wannan nawa ne. Ke dai ki kawo shi da wuri, 'yar ƙanwata."